Kada Ku Daina Musu

Tun a mota Marlene ta ja wa mijinta kunne. "Lyle, don girman Allah, yau ɗaya dai ka haɗiye maganar siyasa. Ka ci gyaɗarka, ka kalli wasanka. Ko Yaya Caz ya ce rana daga yamma take fitowa, ka ce masa haka ne."

"Ni me ya haɗa ni da shi?" in ji Lyle, yana kewaye bayan filin Hanrahan yana neman inda zai cusa motar. "Mutumin da rabonsa da amsa gaisuwata tun bara."

Gaskiya ya faɗa. Tun bikin godiya na watan Nuwamba, ranar da kowane gida ke gasa talotalo, mijin Marlene da yayanta ba sa ga maciji da juna, kuma a kan teburinta abin ya faru. Lyle yana da tashar labaransa da yake kunnawa tun kafin ya wanke baki, Caz ma yana da tasa, tashoshin nan biyu kuwa ba su da sana'ar da ta wuce su gaya wa mutum cewa maƙwabcinsa ne zai rusa ƙasar. Aka fara daga haraji, aka gangara kan 'yan majalisa, aka zagi na nan aka zagi na can. Har nan da sauƙi, don sun saba. Sai bakin Lyle ya suɓuce, ya ce tun da Joanie matar Caz ta rasu ba shi da abokin hira sai akwatin talabijin, shi ya sa ƙwaƙwalwarsa ta zama kunu. Caz ya ajiye cokali, ya ɗauki hularsa, ya fita bai ko ɗanɗana talotalon ba.

Kujeru uku Baba Grabowski, mahaifin Marlene da Caz, ya bar musu a Hanrahan, filin 'yan Tugs, ƙungiyar garin Port Keller ta besbol, wasan da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda, ta gefen zangon farko inda mai bugu ke fara rugawa. Kowace shekara suna sabunta su, Marlene a tsakiya, miji a dama, yaya a hagu. Bana kuwa tun da aka buɗe kakar wasa kujerar hagu take wayam. Sai cikin makon nan Caz ya kira ta a waya, da murya irin ta mai karanta hasashen yanayi. 'Yarsa Tina da ke can jihar Arizona mai nisa ta matsa masa ya sayar da gidan ya koma wurinta.

"Ranar Lahadi zan zo in yi wa kujerar Baba sallama," ya ce. "Ana gama zagaye na biyar zan tashi, ba na son cunkoson fita. Da yamma zan kira Tina in ce ta gyara mini ɗakin."

Marlene ta san Arizona, ko da ba ta taɓa zuwa ba. Mutanen unguwarsu da suka koma can sukan aiko da katin Kirsimeti na ɗan lokaci, daga nan sai a ji labarin jana'iza. Ban da ita, Caz ne kaɗai ya rage a duniya da ya san muryar mahaifiyarsu, kuma ba ta so ya tafi. Tsoro take ji sosai. Zagaye biyar ke gare ta ta canja masa zuciya, dabararta kuma ɗaya ce tak, wato ta toshe bakin Lyle.

Sun tarar da shi zaune, ya dasa hula har kan gira. Ya sumbaci ƙanwarsa a kumatu, ya dubi Lyle kamar yadda ake duban fitilar titi, ya mayar da ido fili. Rana ta yi kyau, iska na busowa daga tafki da ƙamshin soyayyiyar albasa. Hanrahan dai yana nan yadda yake, kujerun katako masu koren fenti da ke liƙe wa mutum a wando, da ginshiƙan ƙarfe da ke tare wa rabin 'yan kallo abin da suka biya kuɗi su gani.

"Lale da ɓataccen ɗan Grabowski!" Odessa Tillman ce daga layin baya. Ta yi shekaru tana tuƙa motar 'yan makaranta kafin ta yi ritaya, kuma har yau duk wanda ta kalla ɗan makaranta ne a wurinta. "Mun zaci ka mutu ba a gaya mana ba. Ka ko zaɓi ranar zuwa, yau Arocha ne zai yi jifa. Ka tanadi hankici."

Wilmer Arocha ya zo daga Venezuela da dogon hannu da kyakkyawan suna, amma duk kakar nan dukan kawo wuƙa ake yi wa jifarsa. In ya hau tudun jifa mutane sukan tashi sayen giya, don ba mai son ganin abin tausayi. Baƙin ranar 'yan Dunmore ne, su kuwa ba su san tausayi ba.

Ba a jima da farawa ba sai ga wata 'yar jarida tana hawowa matakala da makirfo, mai kyamara na biye da ita. Za a kaɗa ƙuri'a a kaka a kan ko a rushe Hanrahan a gina sabon fili a bakin tafki da kuɗin gari, ita kuma tana farautar fuskar da za ta yi kyau a labaran yamma. Fuskar Caz ta yi mata, ta miƙa masa makirfo.

"Ku da za ku yayyanka maganata ku liƙa inda kuka ga dama?" ya ce. "Wuce gaba, 'yata, Allah ya ba da sa'a."

Ta wuce. Lyle ya fasa gyaɗa, ya dubi sama, ya yi magana da tsuntsayen tafki. "Da dai 'yar tashar wasu ce, da yanzu an gyara zaman hula."

Marlene ta take masa ƙafa, amma aikin gama ya riga ya gama.

"Marlene," in ji Caz, idonsa na fili, "gaya wa mijinki ni ban taɓa gyara wa kowa hula ba. Shi ne in waccan mai farin gashin ta tasharsu ta yi atishawa yake cewa amin."

"Marlene, gaya wa yayanki atishawarta ta fi wa'azin wancan mai jan wuyan na tasharsa da ke ihu kamar an taka masa yatsa."

"Ni ba gidan waya ba ce," ta ce. Ba wanda ya ji ta.

Kafin a gama zagaye na biyu sun daina bi ta kanta, suna jifan juna kai tsaye ta gaban hancinta. Lyle na son sabon fili, wai zai kawo aiki, kuma mutum zai shiga bayi ba tare da ya toshe hanci ba. Caz ya ce mai ƙungiyar yana da jirgin ruwa da ya fi cocinsu girma, ya gina da kuɗinsa mana, don me za a tatsi direban tasi a yi wa attajiri falo? Daga nan suka tsallaka babban birni, kowa na juye abin da aka ɗura masa a daren jiya, har da ɗaga yatsa irin na mai gabatar da shirin. In 'yan Tugs suka karɓi sanda sai su yi tsit, don nan ne ake sa rai. Da zarar Arocha ya koma tudu sai su ɗora daga inda suka tsaya. Marlene ta zauna a tsakiya tana jin yawunsu a kumatu biyu, tana kallon zagaye na wucewa ɗaya bayan ɗaya, ba ta samu ta ce wa yayanta ko kalma ɗaya ba.

Aka gama na biyar, 'yan Tugs na gaba da ci biyu. Caz ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa, ya shafa hannun kujerar, ya yunƙura.

"To, ƙanwata."

Duk maganar da Marlene ta kwana tana shiryawa ta gudu. Caz bai gama miƙewa ba wani hannu mai nauyi ya sauko masa a kafaɗa.

"Zauna," in ji Odessa.

"Odessa, tafiya zan yi."

"Casimir Grabowski, na ce ka zauna." Ba ta nuna da yatsa ba, haɓa ta ɗaga wajen allon da ke can ƙarshen fili.

Su uku suka duba. A layin 'yan Dunmore, a gurbin da ake rubuta yawan bugu, sifili ne. Zagaye biyar cur, ba ɗan Dunmore ko ɗaya da ya bugi ƙwallon Arocha ya kai zangon farko lafiya. Mutum ɗaya ya taka ya je saboda jifa ta kauce, amma wannan ba ya cikin lissafi. Suna can suna gyara ƙasa ba su lura ba.

Abin da Arocha ya kama hanyar yi, wato a gama zagaye tara ba a buga masa ko ɗaya ba, mutum kan tsufa a filin wasa bai gan shi ba. Caz kansa, da ya fara zuwa Hanrahan a kan wuyan Baba, bai taɓa gani ba. Kuma abin yana da dokoki da ba a rubuta a ko'ina ba, amma likita da lauya da limamin coci duk suna bin su. Ba a kiran sunansa. Ba a canja kujera. Duk abin da kake yi lokacin da ya faro, shi za ka ci gaba da yi har a gama. Can a bencin 'yan wasa ma an dare an bar Arocha shi kaɗai a kusurwa da tawul a ka, ba mai ko kallonsa.

Caz ya koma ya zauna a hankali. "Zagaye ɗaya zan ƙara," ya ce. "Yanzu za su buga masa, mun san hali."

"Rufe mana baki," in ji Odessa. "Kuma ba zama kawai za ka yi ba. Ina bayanku tun ɗazu, kun cika mini kunne. Duk lokacin da yaron nan ya hau tudu kuna haushi, yana sauka kuna shiru. To haka za ku ci gaba. Kada ku kuskura ku daina musu."

"Haba Odessa," in ji Lyle.

"Haba me? Ka fi son gobe duk Port Keller su san wanda ya ɓata? Har a shagon aski sai an nuna ka."

Marlene ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Ita da ta yi ta roƙon Allah ya kulle bakin mijinta, ga shi yanzu bakin nan ne kaɗai ke riƙe da yayanta a kujera. Muddin sifilin yana kan allo, Caz ba zai motsa ba, ko da gobara ta tashi. Ta juya ta zunguri Lyle da gwiwar hannu. "Me kake jira? Ga shi can ya hau tudu. Ce wani abu a kan haraji."

Sai dai musun dole ba ya daɗi. Lyle ya ce haraji, Caz ya ce ɓarayi, Lyle ya ce ai naku ne ɓarayin, Caz ya ce naku dai. Daga nan magana ta ƙare musu. Abin da tashoshin nan suka shafe wata da watanni suna ɗura musu, ashe bai kai zagaye shida ba. Duk sun faɗa, wani ma sau biyu. Shiru ya ɗan ratsa, kuma a cikin shirun nan ɗan Dunmore ya sami ƙwallo da tsakiyar sanda. Ta tashi sama ta nufi katanga, filin gaba ɗaya ya ɗauke numfashi. Mai tsaron bayan fili ya bi ta da gudu, ya daka tsalle, ya bugi katanga, ya faɗi, ya ɗaga safar hannunsa da ƙwallon a ciki, an kori mai bugun ke nan.

"Kun gani ko?" Odessa ta daki bayan kujerar Lyle. "Kun ga abin da shirunku ya kusa jawowa? Ku yi magana mana, tsofaffin banza!"

Zuwa lokacin labari ya bi layi. Wata mata a gaba ta ci gaba da riƙe kofin giyar da ya daɗe da ƙarewa, don a hannunta yake tun farko. Wani mai ƙaton ciki ya ƙi saka takalmin da ya cire. Kowa na gefen nan ya san aikin da aka ɗora wa surukan biyu, sai aka shiga kawo musu gudummawa.

"Burodi da sosej!" wani ya yi ihu daga sama, yana nufin burodin nan mai dogon nama a ciki, da ake shafa wa miya mai ɗan yaji ko ta tumatir. "Mustad ake sa masa ko miyar tumatir?"

"Mustad mana," in ji Caz nan take. "Wanda ya wuce shekara goma yana zuba tumatir a sosej, a kai shi asibiti."

Lyle, wanda shi ma mustad yake ci tun yana yaro, ya haɗiyi yawu ya sadaukar da kansa. "Tumatir! Mustad ai abincin masu baƙin rai ne, shi ya sa fuskarka take haka."

"Fuskata ta fi taka, mai kai kamar ƙwan jimina!"

Da wannan aka ci zagaye na shida. A na bakwai suka koma kan ginshiƙan Hanrahan. Lyle ya ce wanda ya dasa ƙarfe a gaban mai kallo mugu ne, Caz ya ce ginshiƙan rahama ne, su suka hana mutane ganin rabin abin kunyar da 'yan Tugs suka yi shekara da shekaru. Har Lyle ya kusa yin dariya, Odessa ta harare shi ya maida ita ciki. Arocha ya kori mutum uku a jere. Da aka miƙe tsakiyar zagayen don miƙe ƙafa da waƙa kamar kullum, Marlene ta ga yayanta yana matse ƙafafu yana rawar da ba ta bin kiɗan.

"Yaya, lafiya?"

"Giyar ɗazu ce," ya ce ta cikin haƙora. "Kada ki tuna mini."

"Ka ga da sabon fili ne," in ji Lyle, "bayi na nan kusa da kai."

"Ajiye wannan sai yaron ya hau tudu," in ji Caz, "kada ka ɓarnatar."

A na takwas suka tono wata tafiyar kamun kifi da suka yi tun Tina na goye, da wanda ya jefa injin kwalekwale a ruwa. Caz ya rantse Lyle ne bai ɗaure shi ba. Lyle ya rantse Caz ne ya miƙe tsaye yana yi wa kifi kirari. Wannan musun na gaske ne, ya fi na haraji zafi nesa ba kusa ba, kuma Marlene ta lura idon yayanta ya dawo irin na da. Cikin zafin magana Lyle ya miƙa jakar gyaɗa ta gabanta ba tare da ya sani ba, Caz ma ya kai hannu ba tare da ya sani ba. Odessa ta make hannun.

"Ɗazu kun ci gyaɗar juna? Ba ku ci ba. Kowa ya ci tasa."

Marlene ta yi dariya har da hawaye, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ta san lissafin. Ko a buga wa Arocha, ko ya kai ƙarshe, wasa dai zai ƙare, doka ta saki Caz, ya je ya kira Tina. Aron lokaci kawai ta samu, kuma saura zagaye ɗaya.

Da Arocha ya fito na tara, duk filin ya miƙe tsaye, kowa a gaban kujerarsa. Ba tafi, ba ihu, sai wani irin guna-guni. Mai sanarwa ma ya faɗi sunan mai bugu a takaice ya yi shiru. Lyle da Caz suka ƙarasa ragowar injin kwalekwalen a kan mutum na farko, wanda ya buga ƙwallo ƙasa aka riga shi zuwa zango. A kan na biyu suka yi musun wace shekara aka yi babbar dusar ƙanƙara, shi ma Arocha ya kore shi da jifa uku. Saura mutum ɗaya.

Nan fa rijiya ta ƙafe. Lyle ya buɗe baki ya rufe. Caz ya dubi takalminsa. Ɗan Dunmore na ƙarshe ya tako yana juya sanda, ƙato ne mai gemu.

"Ku ce wani abu," Odessa ta ce da raɗa. "Ko mene ne. Don Allah."

Arocha ya jefa ta farko, alƙalin wasa ya ɗaga hannu, ta shiga. Caz ya ja numfashi. Bai juyo ba, fili yake kallo.

"Ka ce ba ni da abokin hira sai talabijin."

Marlene ta juyo ta dube shi.

"To wa ya bar ni da ita?" in ji Caz. Muryarsa ba ta tashi ba. "Kowace Asabar kana garejina, muna kwance injin da ba abin da ya same shi, Joanie na kawo mana kofi tana mana tsiya. Aka binne ta, ka ɗauki akwatin gawar da hannunka, daga ranar ban sake ganin ƙeyarka a ƙofata ba. Na yi ta buɗe garejin ina zama. Gidan nan shiru yake, Lyle. In ban kunna mai jan wuyan ba, agogo nake ji. Sannan ka zo gaban mutane ka ce kaina ya zama kunu."

Jifa ta biyu ta kauce. Duk layin sun ji maganar, kowa ya yi kamar bai ji ba. Odessa na jiran Lyle ya rama, Marlene ma haka, don ramuwa ba ta taɓa yi masa wuya ba. Ta ga kunnuwansa sun yi ja.

"Gaskiyarka," in ji Lyle. "Sau nawa ina zuwa har kwanar layinku in juya. Ban san me zan ce maka ba in na shiga ban ji muryarta ba. Gaskiyarka, Caz. Ban kyauta ba."

Ƙwas!

Ba wani bugun kirki ba ne. Ƙwallon ta ɗan tashi kamar ba ta so, ta wuce saman safar mai tsaron zango na biyu da kaɗan, ta faɗo kan ciyawa ta gangara. Mai gemu ya isa zangon farko yana haki. Can a allo aka cire sifili aka sa ɗaya.

Filin ya yi wani nishi mai tsawo. Sai tafi ya ɓarke, aka yi ta kiran sunan Arocha, shi kuma ya cire hula ya rufe fuska da ita na ɗan lokaci. Amma a gefen zangon farko ba Arocha ake kallo ba.

"Wa ya ce ku shirya?" Odessa ta ƙwala ihu, har da dafe kai. "Wa ya aike ku? Saura jifa biyu! Ba za ku iya riƙe gabarku na jifa biyu ba? Wata nawa kuna yi ba wanda ya roƙe ku, yau da aka roƙe ku sai ku kama gaskiyarka, gaskiyarka!"

Ɓawon gyaɗa ya fara sauka a kan sanƙon Lyle daga layukan sama. Matar nan mai kofi ta juyo ta ce Allah ya isa. Lyle ya tsaya bai ko kare kansa ba. Mutum na gaba ya buga ƙwallo sama aka cafe, wasa ya ƙare, 'yan Tugs sun ci biyu da nema, amma Marlene ba ta gani ba. Yayanta take kallo. Yanzu ba abin da ya riƙe shi.

Caz ya gyara hula. Ya ciro hankici ya fyace hanci da ƙarfi, ya daɗe yana ninke shi. Mutane suka fara gangarawa, cunkoson da ya ce ba ya so ya cika matakala. Sannan ya juyo, karo na farko tun bara, ya dubi Lyle ido cikin ido.

"Kai dai ba ka iya komai ba," ya ce. "Shekara nawa ina jiran ka ce mini gaskiyarka, ba ka tashi faɗa ba sai da ya rage mutum ɗaya. Ka cuci yaron nan. Uwarsa na can Venezuela tana jiran waya."

"Ai kai ka tono maganar."

"An ce ka yi musu! Ka ce ƙarya nake, ka ce garejina wari yake, ka ce komai mana!" Ya juya wajen Odessa. "Yaushe yaron zai sake jifa?"

"Asabar da rana," ta ce tana harararsu. "Kuma in za ku zo ku yi mana soyayya, ku zauna a gida."

"Asabar," in ji Caz, kamar yana auna kalmar. Marlene ta riƙe bayan kujerar gaba da hannu biyu. "To ba zan bar shi a hannun wannan ba, kashe masa sana'a zai yi. Kai, ka biyo ta gida da safe mu taho tare. Ka zo da wuri, ƙofar garejin ta ƙi rufuwa, kuma na san kai ka lalata ta tun wancan karon."

"Ni? Ƙofar da tun da aka saka ta a karkace take?"

"Yaya," Marlene ta ce, muryarta ta fito 'yar ƙarama. "Tina fa?"

"Tina ta sa keken motsa jiki a ɗakin, ta fi buƙatarsa. Me zan yi a garin da ba ciyawa?" Ya dafa kafaɗarta ya ɗan matsa, irin yadda yake yi mata tun suna yara in ta ji tsoro. "Matsa mini, ƙanwata, tun zagaye na bakwai nake cikin wani hali."

Ya kutsa cikin mutane yana ba da haƙuri, Lyle na biye da shi yana bayanin ƙofar gareji da hannu biyu. Marlene ta zauna a kujerar tsakiya. Wata ajiyar zuciya ta kuɓuce mata, irin wadda ta riƙe tun watan Nuwamba, sai ga hawaye, ta bar su suka zubo. Odessa ta leƙo ta kafaɗarta ta miƙo mata takardar goge baki mai tabon mustad.

"Yi haƙuri, 'yar uwa," ta ce. "Ni ma ya ƙona mini rai. Saura mutum ɗaya fa."

"Saura mutum ɗaya," in ji Marlene, tana goge ido tana dariya. Daga can ƙasan matakala, cikin hayaniyar masu fita, tana iya jiyo muryoyin nan biyu, ba wanda ke sauraren wani.